Me ya sa ƙuri'ar gari ba ta iya korar kamfani a Amurka?

Tambaya: Malam, na ji labarin wani gari a Amurka da mutanensa suka kaɗa ƙuri'a suka hana kamfani haƙar iskar gas kusa da gidajensu, amma daga baya gwamnatin jiha ta soke abin da suka yi, kamfanin ya dawo bakin aiki. Yaya haka za ta faru a ƙasar da kullum ake mana misali da dimokuraɗiyyarta? Kuma akwai garin da ya taɓa yin nasara a irin wannan rigima?

Amsa: Ɗan'uwa, ina kyautata zaton labarin Denton ka ji, wani gari a arewacin jihar Teksas, kusa da Dallas. Garin yana zaune ne a kan wani shimfiɗaɗɗen dutse mai ɗauke da iskar gas, ana kiransa Barnett, kuma kafin rigimar ta taso akwai rijiyoyin gas sama da 270 a cikin iyakar garin. Hanyar da ake bi wajen fitar da gas ɗin ita ce wadda suke kira firakin: a haƙa rami mai zurfi, a tura ruwa da yashi da sinadarai da ƙarfin tsiya har dutsen ya tsattsage, gas ya samu hanya. Da aka fara kafa injinan a wuraren da ba su kai mita 100 daga ƙofar gidaje ba, ga ƙara dare da rana, ga wari, ga tireloli suna kai da komo a unguwa, sai wata ma'aikaciyar jinya mai suna Cathy McMullen da wasu 'yan gari suka shiga tattara sa hannu. A Nuwamba 2014 aka yi ƙuri'a, kashi 59 cikin ɗari suka ce a hana, duk da cewa kuɗin da ɓangaren kamfanoni suka kashe wajen kamfe ya ninka na 'yan garin sau da yawa.

Gari na wayewa ƙungiyar kamfanonin mai da gas ta Teksas ta shigar da ƙara, ofishin filaye na jihar ma ya shigar da tasa. Sai dai ba a ma jira kotu ba. Majalisar jihar ta yi doka mai lamba HB 40, Gwamna Greg Abbott ya sa mata hannu a Mayu 2015. Dokar ta ce harkar mai da gas ta jiha ce ita kaɗai, abin da ya rage wa gari shi ne ƴan ƙananan abubuwa na saman ƙasa kamar ƙara da fitilu da zirga-zirgar motoci, su ɗin ma da sharaɗin kada su takura wa kasuwanci. A watan Yuni majalisar garin Denton ta janye haramcin da hannunta. Wata bakwai ke nan tsakanin murna da jimami.

Amsar tambayarka ta farko tana cikin abu ɗaya: kundin tsarin mulkin Amurka bai ambaci gari ko ƙaramar hukuma ba ko sau ɗaya. Tarayya da jihohi kawai ya sani. A idon shari'a, gari halittar jiha ne. Wanda ya kafa wannan ƙa'ida wani alƙali ne a jihar Iowa, John Dillon, a shekarar 1868, kuma ka duba shari'ar da ta jawo hukuncin: garin Clinton ne ya ƙi yarda kamfanin jirgin ƙasa ya shimfiɗa layin dogo a titunansa, alhali jiha ta ba kamfanin izini. Dillon ya ce ikon gari duk daga majalisar jiha ya fito, wadda ta ba shi rai kuwa tana iya karɓe abinta. Wani alƙalin jihar Michigan, Thomas Cooley, ya saɓa masa a 1871, ya ce mulkin kai na gari haƙƙi ne da jiha ba ta da ikon ƙwacewa. Amma a 1907 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Hunter da birnin Pittsburgh, ta bi bayan Dillon. Tun daga ranar farko, ka ga, rigimar gari da kamfani ce, jiha tana gefen kamfani.

Jihohi da dama daga baya sun ba garuruwansu wani ɗan 'yancin cin gashin kai, wato gari ya rubuta nasa ƙaramin kundin mulki ya gudanar da harkokinsa. Denton ma yana da shi. Amma 'yanci ne mai igiya a ƙafa. Duk lokacin da majalisar jiha ta ce wannan fage nata ne, dokar gari ta zama takardar tsire.

A nan akwai bambancin da nake so ka riƙe, domin shi ne zuciyar maganar. Dokar sama tana iya zama daɓe, tana kuma iya zama rufi. Idan daɓe ce, ma'anarta babu wanda zai sauka ƙasa da wannan mizani wajen kare ruwa ko iska, amma wanda ya so ya ƙara tsanani ya ƙara. Idan rufi ce, ma'anarta babu wanda zai haura sama da abin da jiha ta yarda da shi, ko da ruwan shansa ne ke lalacewa. Abin da kamfanoni ke nema a majalisun jihohi shi ne rufi. Misali mafi bayyana shi ne na maganin feshi. A 1991 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar tarayya ba ta hana wani ƙaramin gari mai suna Casey a jihar Wisconsin tsara yadda za a yi feshi a yankinsa ba. Masu sana'ar ba su tsaya jayayya da alƙalai ba, suka bazama majalisun jihohi ɗaya bayan ɗaya, yau jihohi sama da 40 suna da dokar da ta ɗaure hannun garuruwa a kan maganin feshi. Lissafin mai sauƙi ne: ya fi arha ka shawo kan majalisa guda a babban birnin jiha da ka bi garuruwa dubu kana lallashi. Haka aka yi da batun ledar zuba kaya a jihohi da yawa.

Wannan shi ne makamin kamfanoni na farko. Sai makami na biyu. A shari'ar Amurka kamfani yana da wasu haƙƙoƙi irin na mutum, abin da aka daɗe ana ginawa tun ƙarni na 19. Akwai wata doka ta 1871 da aka yi bayan yaƙin basasa don kare baƙaƙen fata da aka 'yanta daga zaluncin jami'an gwamnati. Da ita kamfani yake kai gari ƙara a kotun tarayya yau, ya ce an tauye masa haƙƙi, idan ya ci kuma ya nemi garin ya biya shi kuɗin lauyoyinsa. Ga garin da kasafin kuɗinsa na shekara bai fi na gyaran hanyoyi da share ƙanƙara ba, wasiƙar lauya ɗaya ta isa ta sa kansiloli su sha jinin jikinsu.

Wannan ne ya haifar da wata tafiya da ake kira ta haƙƙin al'umma. Wata ƙungiyar lauyoyi a jihar Fensilbaniya, CELDF, wadda Thomas Linzey yake cikin waɗanda suka kafa ta a 1995, ta fara ne da aikin lauya na yau da kullum: a nemo kuskure a takardar izinin kamfani a kai ƙara. Suka lura cewa duk lokacin da suka ci, kamfanin kan gyara kuskuren ya dawo da takarda mai kyau. Wato aikin gyaran takarda suke yi wa kamfanin kyauta. Sai suka sauya salo, suka shiga taimaka wa garuruwa rubuta dokokin da ke cewa kai tsaye: mutanen nan suna da haƙƙin ruwa mai tsafta, kogi ma yana da haƙƙin wanzuwa, kamfani ba shi da haƙƙin mutum a cikin iyakarmu, izinin jiha kuma ba ya aiki a nan. Garin Tamaqua ya yi irin wannan a 2006 a kan zubar da dagwalon masai a tsofaffin ramukan haƙar kwal, birnin Pittsburgh ya hana firakin a 2010.

Inda abin ya fi daɗewa kuma ya fi ɗaci shi ne Grant, wani ƙauye a gundumar Indiana ta Fensilbaniya mai mutum kusan 700. Babu famfon gwamnati a can, kowane gida da rijiyarsa ko idon ruwansa. Kamfanin Pennsylvania General Energy ya so ya mai da wata tsohuwar rijiyar gas wurin binne dagwalon ruwan da ke fitowa daga haƙar gas, ruwa mai gishiri fiye da na teku, mai sinadarai. Ka ɗauki kanka a matsayin matar da ke buɗe famfon kicin da safe ta san daga ƙarƙashin gonarta ruwan yake fitowa, sannan a ce mata nan kusa za a riƙa ɗura wancan ruwan cikin ƙasa shekara da shekaru. Wata tsohuwar malamar makaranta, Judy Wanchisn, da 'yarta Stacy Long suka jagoranci adawa. Ƙungiyarsu ma sunan wata halittar ruwa suka sa mata, mai kama da ƙaton ƙadangare, da ke rayuwa ƙarƙashin duwatsun rafin Little Mahoning kuma ba ta jure ruwa mai datti.

A 2014 suka yi doka, kamfanin ya kai ƙara, a 2015 kotun tarayya ta soke manyan sassanta, tana cewa irin wannan ƙauye ba shi da ikon. Makonni kaɗan bayan haka mutanen suka kaɗa ƙuri'a suka ɗauki kundin cin gashin kai, suka mai da haramcin a cikinsa. A 2017 ma'aikatar kare muhalli ta jihar ta ba kamfanin izini, ta kuma kai ƙauyen ƙara. Ka sake karantawa: ma'aikatar kare muhalli ce ta maka ƙauye a kotu saboda ya hana binne dagwalo. A 2018 alƙaliya ta ci tarar lauyoyin ƙauyen dala dubu 52, tana cewa suna ta maimaita hujjojin da kotuna suka sha watsi da su, daga baya kuma aka ɗora wa ƙauyen sama da dala dubu 100 na kuɗin lauyoyin kamfanin. A 2020 ma'aikatar ta janye izinin, a 2022 kotun jiha ta ce haramcin da ke cikin kundin ya saɓa doka. A takarda, Grant ya sha kaye kusan a kowane zagaye. A ƙasa kuwa, shekara kusan goma aka yi ba a ɗura ko bokiti ɗaya ba, daga bisani kamfanin ya toshe rijiyar.

Toledo a jihar Ohayo ba ta samu ko wannan ba. A farkon Agusta 2014 aka wayi gari da sanarwar kada a sha ruwan famfo, kada ma a tafasa shi, domin tafasawa ƙara wa gubar ƙarfi take yi. Gansakuka mai guba ce ta rufe yammacin tafkin Erie, inda birnin yake ɗibar ruwan sha, takin gonaki da kashin dabbobi da kogin Maumee ke kwasowa ne suke ciyar da ita. Mutum sama da dubu 400 suka kwana uku ba ruwa, kantuna suka ƙare da ruwan roba, wasu suna tuƙi zuwa wasu garuruwa nema, sojojin jiha suna rabo. A Fabrairu 2019 'yan birnin suka amince da dokar da ta ba tafkin haƙƙin kansa da kashi 61 cikin ɗari. Washegari wata gona mai suna Drewes ta kai ƙara, gwamnatin jihar ta bi sahunta, majalisa kuma ta cusa wani sakin layi a dokar kasafin kuɗi cewa halitta ba ta da bakin shigar da ƙara a kotun Ohayo. A Fabrairu 2020 Alƙali Jack Zouhary ya soke dokar. Kuma in faɗi gaskiya, hujjarsa ba ta banza ba ce: dokar ba ta fayyace abin da manomi zai yi ya zama mai laifi ba, sannan tafkin ya taɓa jihohi huɗu da ƙasar Kanada, birni ɗaya ba zai yi masa doka ba.

To, wa ya ci? Akwai, kuma yadda suka ci shi ne abin lura.

Dryden ƙaramin gari ne a jihar New York, kusa da Ithaca. Dokar jihar ta ce tsara harkar mai da gas nata ne. Wasu lauyoyi biyu, mata da miji, Helen da David Slottje, suka karanta dokar da idon basira, suka ce: jiha ce ke da ikon faɗin yadda za a yi haƙa, amma faɗin inda za a kafa masana'anta a cikin gari, wannan tsohon ikon gari ne na tsara filaye, irin wanda yake hana a gina mahauta a tsakiyar unguwa. Dryden bai ce kamfani ba mutum ba ne, bai ce izinin jiha banza ne ba. Cewa kawai ya yi a taswirar garinmu babu wurin wannan sana'a. Ya yi dokar a 2011, kamfanin Anschutz ya kai ƙara, a Yuni 2014 babbar kotun jihar ta ba garin gaskiya da alƙalai 5 cikin 7. Kafin lokacin garuruwa sama da 170 sun yi haramci ko dakatarwa. Da ƙasar da ta rage wa kamfanoni ta zama gutsi-gutsi, ga kuma rahoton ma'aikatar lafiya, gwamnatin Andrew Cuomo ta sanar da hana firakin a faɗin jihar a Disamba 2014.

A Fensilbaniya ma an yi wata. Majalisa ta yi doka mai lamba 13 a 2012 wadda ta tilasta wa kowane gari barin haƙar gas a kowane yanki, har unguwannin zama. Garin Robinson da wasu suka kai ƙara, suka jingina da sashe na 27 na kundin mulkin jihar, wanda aka ƙara a 1971 aka kuma bar shi yana barci shekara arba'in. Sashen ya ce jama'a suna da haƙƙin iska da ruwa masu tsafta, dukiyar ƙasa kuma amana ce a hannun gwamnati har ga waɗanda ba a haifa ba. A Disamba 2013 Kotun Ƙolin jihar ta soke waɗancan sassa. Gari ba ya iya ƙetare majalisa, amma majalisa ma ba ta iya ƙetare kundin mulki. Jihar Kolorado kuwa ta bi doguwar hanya: kotu ta soke haramcin garin Longmont a 2016, wani gida ya yi bindiga a garin Firestone a 2017 saboda gas da ya tsiyayo daga yankakken bututu har mutum biyu suka mutu, zaɓe ya sauya majalisa, a 2019 aka yi dokar da ta ba garuruwa ikon tsanantawa fiye da jiha. Rufi ya koma daɓe.

Ra'ayina, bayan na daɗe ina bibiyar waɗannan shari'o'i, shi ne dokokin da ke ƙalubalantar tsarin gaba da gaba kusan kullum faɗuwa suke yi a kotu, kuma masu rubuta su sun san haka. Su a wurinsu faɗuwar ma darasi ce, tana nuna wa jama'a wanda doka take karewa. Na fahimci wannan, amma ina da ja a kai, domin ba lauyan da ya zo daga nesa kaɗai ake ci tara ba, mutanen ƙauye ma ana ɗora musu kuɗi. Ya kamata a gaya musu tun farko cewa zanga-zanga ce aka yi mata rigar doka, in sun yarda su shiga da idonsu biyu. Waɗanda suka ci kuwa, tsagar bango suka nema a cikin dokar da take akwai.

Kada kuma ka ɗauka duk mai goyon bayan ikon jiha ɗan koren kamfani ne. Gas da ke ƙarƙashin ƙasa bai san iyakar gari ba. A Amurka mutum yana iya mallakar ma'adinin da ke ƙarƙashin gonarsa, haramci kuwa yana hana shi kuɗin da yake sa rai. Sannan kalmar ikon gari tana da baƙin tarihi a can, da ita aka fake aka ware baƙaƙen fata a makarantu da unguwanni. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, gaskiya ne, amma wani lokaci mai ɗakin ne azzalumin. Abin da ke sa ni shakkar masu wa'azin doka ɗaya ga kowa shi ne abin da Ohayo ta yi. Tun 2004 ta karɓe ikon garuruwa a kan rijiyoyin mai da gas, amma a 2021 ta ba gundumomi ikon hana kafa manyan injinan lantarki na iska da na hasken rana. A jiha ɗaya, gunduma tana iya korar faranti mai shan rana amma ba ta iya korar rijiyar gas.

Tunda daga gida kake tambaya, a Najeriya ƙofar ta fi wannan rufuwa. Sashe na 44(3) na kundin 1999 ya mallaka wa gwamnatin tarayya duk ma'adinai da mai da gas, don haka ba ƙaramar hukuma kaɗai ba, ko gwamna ba shi da ikon ba da lasisin haƙa. Sashe na 20 ya ce gwamnati za ta kare muhalli, amma yana cikin babi na biyu, wanda a ƙa'ida ba a kai gwamnati ƙara a kansa. Masu neman tsagar bango a nan sukan bi ta haƙƙin rayuwa da sashe na 24 na Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam, kamar yadda Jonah Gbemre na ƙauyen Iwherekan ya yi a 2005, inda Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta ce ƙona iskar gas tauye haƙƙin rayuwa ne, ko da yake ba a daina ƙonawar ba. Ga ƙauyen da kamfanin ma'adinai ya sauka, abin da ya fi kusa da hannu shi ne dokar ma'adinai ta 2007, wadda ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki, kuma a sake duba ta duk bayan shekara biyar. Idan akwai kamfani a yankinku, fara da tambayar mai gari ko an sa hannu a irin wannan takarda, wa ya sa, kuma ina kwafinta yake.